Tabon Lamba

Wuƙar ta yi jawur a garwashi. Sajo ya shimfiɗa hannunsa na hagu a kan turmi, ya cusa gefen riga a baki.

"Ɗora, Baffa."

Baffa Ilu, ƙanen mahaifinsa, ya sha yi wa shanu lalas, amma bai taɓa yi wa mutum ba. Ya kau da kai, ya danna. Fata ta yi cuu, ƙaurin nama ya cika gidan. Inna Mairo ta fito a guje tana salati, amma ta makara. Tabon lambar rigakafi da ke ƙasan gwiwar hannun ɗanta, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, ya tafi.

* * *

Mako uku kafin nan, Sajo ya je neman aiki a wata gonar kiwo a Gumel. Difiloma gare shi kan lafiyar dabbobi, kuma shanun gidansu aka sayar ɗaya bayan ɗaya ya yi karatun. Gidan kaf wannan aikin suke jira.

Mutum uku ne a bayan tebur, ba wanda ya tambaye shi ko da kaskar saniya.

"A ina aka haife ka?" in ji manajan.

"Sule Tankarkar, ranka ya daɗe."

"Naɗe hannun rigarka."

 Sajo ya san abin da ake nema. A yankin nan cewa ake yi ɗan Najeriya a kafaɗa ake masa lamba, ɗan Nijar kuwa a ƙasan gwiwar hannu. Shi yana jariri aka tsallaka da shi Nijar kiwo, masu allura suka zo ruga, uwarsa ta miƙa shi. Laifinsa ke nan duk duniya.

"Ranka ya daɗe, ga takardar ƙaramar hukumata. Ku tambaye ni ciwon huhun shanu, ku tambaye ni cutar boru. Hannuna ba ya cikin abin da kuka ce a kawo."

"Au, lauya muka samu! Dogo!"

Dogo mai gadi ya murɗe masa hannu ta baya, ya buga fuskarsa da tebur. Leɓe ya fashe, jini ya ɗiga a kan difilomar. Aka yage hannun rigar, ƙattin nan uku masu furfura suka duƙa suna leƙen fatar ɗan mutane, ko kunya babu.

"Ɗan Nijar ne. Fitar da shi."

* * *

Da ƙunar ta warke, ya tafi Maigatari, inda wani kamfanin dabbobi ke ɗaukar ma'aikata. Nan kam an tambaye shi aiki. Ya amsa tiryan-tiryan, har jami'in, Malam Habibullah, yana gyaɗa kai. Sajo ya ji daɗi, ya fara tunanin abin da zai gaya wa Inna.

"Saura abu ɗaya," in ji Malam Habibullah. "Mu ga hannu."

Wannan karon bai yi gardama ba. Da kansa ya naɗe. Malam Habibullah ya daɗe yana kallon faffaɗan tabon mai sheƙi, sannan ya yi dariya.

"Ikon Allah. Duk ku a wuri ɗaya wuta take cin ku? Kai ne na huɗu bana."

Ya turo masa takardunsa da bakin biro.

* * *

Da la'asar ya iso gida. Inna Mairo ta dubi fuskarsa, ba ta tambaye shi komai ba. Ta zaunar da shi a tabarma, ta ɗauko man shanu, duk da ciwon ya daɗe da warkewa.

"Ni na riƙe ka ranar da aka yi maka lambar," ta ce. "Kana ta tsala ihu. Suka ce in an yi maka, tari ba zai ɗauke min kai ba, yadda ya ɗauke yayanka."

 Ta ci gaba da shafawa a hankali, babban yatsanta yana kai da komo a kan tabon, yana laluben inda ɗan ƙaramin yake a da.