Hotunan Gidan Wiebe

"Mace ce da hula, ta dafa keke," Aukje ta ce, tana kai hoton kusa da taga.

"Tana dariya?"

"Ko alama."

"To gwaggo Jeltje ce. Rubuta. Ita da dariya ba su taɓa zama gari ɗaya ba."

Aukje ta juya hoton ta rubuta a baya. Haka suke yi tun da idon tsoho Wiebe ya rufe, likita kuma ya daina ɓoye masa maganar ciwon zuciyarsa. Ita ce idon, shi ne sunayen. Bai taɓa aure ba, ita ma mijinta ya daɗe a ƙasa, katanga ɗaya ce tsakaninsu a wannan lungu na garin Harlingen tun suna da baƙin gashi.

Hotunan sun cika akwatin gwangwani biyu, haɗe da takardun jirgin kamun kifin mahaifinsa. Renske, 'yar ƙaninsa da ke Rotterdam, ta riga ta faɗa a waya cewa gidanta ƙarami ne, hotuna masu suna a baya kaɗai za ta ɗauka.

"Yi sauri, maƙwabciya," yakan ce. "Wanda ban faɗa ba ya mutu sau biyu."

"Sha gahawarka tukuna, sarkin gaggawa."

Can ƙasan akwati na biyu ta ci karo da kanta. Ga ta nan da ƙuruciyarta tana shanya a bayan gida, iska ta ɗaga mata gashi, a wani hoton kuma tana goge taga, a wani tana fere dankali a bakin ƙofa. Duk daga tsallaken katanga, ɓangaren Wiebe, aka ɗauka, kuma ba ta taɓa sani ba. Kunya ta kama ta har wuya.

"Kin yi shiru. Wa kika gani?"

"Ba kowa. Ya dushe."

"Dukansu?" ya tambaya a hankali.

"Duka."

Ta tura su gefe da niyyar gobe ta yi ƙarfin halin faɗa masa. Washegari da ta shigo da burodi ta tarar da shi a kujerarsa, hannuwa kan cinya, jiki ya yi sanyi, rai ya yi halinsa. Ta zauna kusa da shi ta daɗe kafin ta kira kowa, kewa ta riga ta cika ɗakin.

Bayan an binne shi Renske ta baje hotunan a tebur, tana juya kowanne ta duba baya. Yarinya ce mai kirki, sai dai jirgin ƙasa na jiran ta.

"Kun yi aiki, wallahi. Wannan fa? Kawu bai faɗa ba?"

Aukje ta dubi matar da ke shanya.

"Bai faɗa ba."

"Kash. Kyakkyawa kuwa." Ta jefa su a kwalin da ake tara tsoffin jaridu.

Ranar da motar shara ke kwashe tsoffin takardu, masu share gidan suka fitar da kwalin bakin titi. Aukje tana kallonsa ta taga tun da yayyafi ya fara, tana ce wa kanta bari maƙwabta su wuce tukuna. Da ta sa takalmi ta fito, motar ta riga ta sha kwana. Titi ya jiƙe gaba ɗaya, sai gurbin kwalin kawai a bushe, ruwa yana cinye shi daga gefe.