Sha-raɓar Inna Delou

"Gaya mai sha-raɓata ke ciwo," in ji Inna Delou, maƙwabciyarmu, idonta a ƙasa.

A Utaiqa, wata unguwa a ƙasar Larabawa, aka haife ni, Larabcina ya fi Hausata, shi ya sa ta ɗauko ni in yi mata tafinta a mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa. Ban taɓa jin kalmar sha-raɓa ba. Na dai ji "sha", kunya ta hana ni tambaya, sai na ce wa likita ƙishirwa ke damunta. Ita kuwa ba za ta ɗaga abaya gaban namiji ba. Ya auna sukarinta, ya ce ta yawaita shan ruwa.

A gida na zazzage littattafaina. Ƙamus ɗina na Turanci yakan bi kalma har zuwa tsohon yaren kakannin Jamusawa, na Hausa kuwa ba ni da shi. Washegari na ƙwanƙwasa ƙofarta.

"Inna, mene ne sha-raɓa?"

Ta ja zane sama. Bayan ƙwaurinta ya kumbura, zafi kamar murfin tukunya.

"To mi kika ce mai jiya?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari.

"Ɗiyar Larabawa, duk littattafan nan? A Maraɗi in kin yi sammakon gona, ciyawa duk raɓa ce. Nan take jiƙa ki. Wurin ke shan ta, shi ke nan sunan."

"Tashi mu koma."

"Gobe."

"Yau, Inna."

Ban taɓa yi wa babba musu ba. Na ɗauko abayarta, na kira Baba Maikuɗi direba, na tsaya a bakin ƙofa har ta miƙe.

Wannan karon da yatsana na nuna wa likita wurin. Murmushinsa ya ɗauke. Ya ce jini ne ya daskare a jijiya, aka wuce da ita babban asibiti. Kwana biyu ta yi. Ranar Laraba bayan la'asar gudan jinin ya kai huhu, ta cika.

Na tambayi likita ko kwana ɗayan da na ɓata ne. Ya ce Allah ne masani. Na sake tambaya, ya maimaita.

Akwai na'a-na'a da ta shuka a tsohon bokiti, ƙarƙashin na'urar sanyin ɗakinta, inda ruwa ke ɗiga. Yanzu an kashe na'urar, ni nake ba shukar ruwa kafin makaranta. Yau da na juya zan tafi, jiƙaƙƙen ganyen ya goge ni a sha-raɓa. Na tsaya har sanyin ya ratsa safata.