Kwalaben Baba Rediyo

"Malama! Malama, fito don Allah, ya ƙi shiga mota!"

Muryar Inna ce, matar maƙwabcinta, ta saman katanga. Malama ta yar da tsintsiyar hannunta, ta figi mayafi, ta fita da takalmi wari da wari.

Mota na ƙofar gidan a kunne, ƙofar baya a wangale. Babban ɗan gidan, wanda kowa ke kira Injiniya, yana ta kai da komo da makulli a hannu.

"Gara da kika zo," ya ce. "Tun da safe numfashinsa ke sama-sama. Na baro aiki na taho, ya ce ba inda za shi sai an raba ayaba. Ayaba fa, Malama! Ki ji mini wannan magana."

Ta san wace ayaba ce.

Baba Rediyo shi ya koya mata kimiyyar halittu tana 'yar sakandare. Yanzu makaranta ɗaya suke koyarwa, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Sunan nan yara suka laƙaba masa tun da daɗewa, don in ya buɗe baki a aji, ƙararrawa kaɗai ke iya kashe shi. Ita kuwa har yau, da 'ya'yanta da komai, "Ɗaliba" yake ce mata.

A hutun da ya wuce aka tura su tare wani horo na malaman kimiyya. A can aka koya musu rainon tsiro a cikin kwalba: a yanki ɗan mitsitsin tsiron ayaba, a dasa shi kan wani abinci mai kama da jeli, a rufe, ya yi ta 'ya'ya ba ƙasa ba ruwan sama. Abin da ake so shi ne yara su taɓa aikin da hannunsu, su huta da kallon zane a allo. Ranar rufe horon aka ba kowace makaranta 'yan kwalabe kaɗan, aka ce su ne iri, duk wanda ya bari nasa suka mutu sai wata shekara. Rufin ɗakin gwajin makarantarsu na yoyo, shi ya sa Baba ya kwaso nasu gida.

Ta same shi a falo, an tallafe shi da filo a kan doguwar kujera. Leɓensa ya bushe, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar wanda ya sha gudu. Amma da ya gan ta sai ya yi murmushi.

"Ɗaliba, kin makara. Da a aji ne da kin yi tsallen kwaɗo."

"Baba, don girman Allah ka tashi a tafi asibiti."

"Za ni. Dubi taga tukuna."

Ta duba. Kwalaben na jere a kan tebur kusa da taga. Tsiron ya cika su maƙil, ganye ya danne ganye, bakin wasu ya fara rawaya. Jelin da ke ƙasa ya tsotse, ya tsage.

"Sun cinye abincinsu," in ji shi. "In suka ƙara kwana biyu haka, sun tafi. Jiya na dafa sababbin kwalabe da sabon jeli a tukunyar tururi, ga su can a rufe. Na ɗauki hantsaki ke nan hannuna ya ce bai san zancen ba." Ya ɗaga hannun, yana rawa kamar ganye. "Asibiti kuwa in sun karɓi mutum ba ranar suke sakinsa ba. Ke za ki raba su."

"Ni? Baba, ka manta ne? Duk kwalbar da na taɓa a wurin horon nan sai da ta yi fumfuna. Ko ɗaya ba ta tsira ba. Hannuna ba shi da sa'a."

"Hannunki lafiyarsa lau. Bakinki ne."

Inna ta ce, "Kai Malam, yanzu kai ne za ka ce wa wani baki?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "To ai shi ya sa na gane. Kin tuna abin da matar nan mai koyar da mu ta ce? Ta ce ta horar da ma'aikatan asibiti, ta horar da na gona, ba ta taɓa shan wahala irin ta malamai ba. Mu ba mu iya aiki baki a rufe ba. Da mun ɗaga murfi sai mu hau bayani, 'To yara, kun ga yanzu zan ɗauko...' alhali ba yaro ko ɗaya a ɗakin. Kowace kalma kuwa da ƙwayar cutarta take fita, ko da takunkumi a fuska, ta faɗa kan jeli ta yi gida. Ke har tambaya kike yi wa kanki ki ba kanki amsa. Ina gefenki, na ji ki."

Injiniya ya leƙo daga ƙofa. "Baba, mai na ƙonewa fa."

"Kashe motar."

"Baba!"

"Na ce kashe. Kuma kashe fankar nan, ka ja labule, kada iska ta motsa."

Injiniya ya dubi Malama, idonsa ja. A hankali ya ce, "In wani abu ya same shi kina wannan wasan..." Bai ƙarasa ba, ya juya.

Maganar ta tsaya mata a ƙirji. Ta dubi tsohon. Ta san shi sarai: in ta ƙi, sai dai a ɗauke shi da ƙarfi yana turjewa, jikin nan kuwa ba zai ɗauki kokawa ba. Hanya mafi sauri zuwa asibiti ta kan teburin nan ta bi.

Ta naɗe hannun riga. Ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗaura takunkumi, ta goge hannun da sifirit. Akwatin roba mai haske na kwance ta gefe kan tebur, bakinsa na kallonta. A cikinsa ake aikin don kada ƙura ta sauka. Ta goge cikinsa, ta kunna 'yar fitilar sifirit a gefe.

"Daga yanzu ba magana," in ji Baba. "Ni ma na yi shiru. Innar yara, ki shaida, yau an ga abin mamaki."

Ta tsoma hantsaki a sifirit, ta gifta shi kan wuta, ta jira ya huce. Ta buɗe kwalbar farko. Curin tsiron ya fito da jeli a gindinsa. Ta ɗora shi a faranti, ta sa wuƙa ta raba. Tana ji kalmomi na taruwa a bakinta da kansu, "To yanzu sai mu cire wannan ruɓaɓɓen ganyen," har harshenta ya motsa. Ta cije leɓe. Ta dasa ɗan tsiron a sabuwar kwalba, ta rufe, ta ture gefe.

Ta biyu. Ta uku. Zufa ta fara bin bayanta. Ɗakin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai ƙarar ƙarfe kan gilashi da numfashin Baba a bayanta. Shi take saurare fiye da komai. Ya ja, ya tsaya, ya saki. Ya ja, ya tsaya, ya saki. Hannunta ya fara bin wannan tafiyar ba tare da ta sani ba.

Ta buɗe wata kwalba ke nan, tsiro na bakin hantsaki, ya ja numfashi ya tsaya. Bai saki ba.

"Baba!"

Kalmar ta fita kafin ta kama ta, fuskarta daidai bakin akwatin. Ta waiwaya. Idonsa biyu. Ya saki numfashin da ƙyar, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna mata tebur.

Ta juya, idonta cike da ruwa. Ba halin sharewa, hannun na aiki ne. Ta ƙifta har ta ga gabanta, ta dasa, ta rufe. Ta sake tsoma hantsaki, ta sake giftawa kan wuta. Sauran ta yi su kamar ba ita ba, ba gaggawa ba tsayawa, har tsofaffin kwalaben suka zama wayam, sababbin suka cika teburin, kowace da ɗan korenta a tsaye.

Ta hure fitilar, ta sauke takunkumi. "Na gama. A tafi."

"Wadda kika yi wa ihu fa?"

"Ga ta. Zan zubar."

"Kul. Ɗaura mata zare a wuya." Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da ta durƙusa kusa da shi. "Za ta yi fumfuna, kyakkyawa ma kuwa. Ki kai wa yara ita tare da sauran. In kin ce musu su yi shiru ba za su ji ba. In sun gani da ido, sun ji."

"Sai dai mu kai tare, Baba."

"Kin ga kin fara surutu. Injiniya! Zo ka ɗauki kayanka."

Da ɗan da wani maƙwabci suka ɗauke shi. Ba nauyi. Inna ta bi su da filo da butar ruwa, ta shiga baya ta ɗora kansa a cinyarta. Malama na tsaye a ƙofa har motar ta sha kwana. Sannan ta koma ciki ta jera kwalaben a babban faranti, ta haye da su gidanta, ta ajiye kan kabad inda yara ba sa kaiwa.

Bai dawo ba. Kwana biyu a asibiti, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa.

Gidan ya cika da mutane. Tsofaffin ɗalibansa suka yi ta zuwa, wasu da furfura, kowa da labarin ranar da Baba ya riƙe su a aji har aka tashi. A yi kuka, a yi dariya, a koma kuka. Malama na cikin mata kusa da Inna, tana karɓar gaisuwa, amma duk sanda Injiniya ya gifta sai ta sunkuyar da kai. Maganar da bai ƙarasa ba tana nan inda ya bar ta. Ta lissafa lokacin da ta ɗauka a teburin nan ya fi a ƙirga, kullum sai ta ga da ta fi haka sauri.

Da mutane suka ragu, wata safiya aka yi sallama a ƙofarta. Shi ne. Ya rame, rigar jikinsa duk ta yamutse. Suka gaisa, ta sake yi masa ta'aziyya.

"Injiniya, da ban tsaya ba..."

"Na tambayi likita," ya katse ta. "Sau biyu na tambaye shi. Ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, ba zai iya ce mini e ko a'a ba." Ya murza makullin hannunsa. "Ban zo don wannan ba. Kin san abin da ya yi a mota? Daga ƙofar nan har asibiti darasi yake ba ni. Wai ayaba ba ta da ƙwayar iri, wai duk gonar da ka gani 'ya'yan uwa ɗaya ne. Inna na cewa ya huta, yana cewa saura kaɗan. Ni kuma ina ta danna hon, ko rabi ban ji ba." Ya dube ta. "Suna nan?"

Ta shiga ta sauko da farantin. Rabonta da duba su tun ranar rasuwar, tsoro ya hana ta. Ta ajiye a bakin baranda inda rana ke sauka.

Mai zaren ta yi fari fat, fumfuna ta lulluɓe tsiron kamar auduga. Malama ta ware ta gefe. Ta ɗaga ta gaba ta kalli haske. Jelin garau. Ta ɗaga wata. Garau. Wata ɗaya can ƙarshe ta yi ɗigon baƙi a gefe, ita ma ta ware. Sauran duk lafiya, wasu har sun buɗe sabon ganye, ƙarami kamar farcen jariri.

"Sun yi?" ya tambaya.

"Sun yi. Gobe zan kai su aji."

"A ƙafa? Da waɗannan ramukan?" Ya girgiza kai. "Zan zo da mota."

Ya durƙusa, ya goge tafinsa a gwiwar wando, ya ɗauki kwalba ɗaya da hannu biyu. Ya juya ta a hankali. A ƙasa, cikin jelin, wata siririyar saiwa fara ta miƙe har ta taɓa gilashi, ta lanƙwasa ta bi gefe. Ya kawo ta dab da idonsa, ya daɗe yana kallo.