Kanwar Jegon Saude

Kanwa nake sayarwa a kasuwar Batsari, sana'ar da na tarar ubana yana yi. Farar kanwa, Fulani ke saye su ba shanu, jar kuwa, mai kyau, ta masu jego ce. Sunana Armaya'u. Karatuna aji huɗu ne a elemantaren Safana, ya ishe ni in karanta wasiƙa in kuma rubuta wannan.

Ɗiya ɗaya gare ni, Kulu. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Uwarta Saude ta rasu shekara guda bayan an sami mulkin kai, kwana talatin da ɗaya da haihuwa, jaririn ma ya bi ta kafin ruwan farko. Kulu tana da shekara tara. Na sake aure sau ɗaya, bai yi ƙarko ba. Tun da Kulu ta tafi makarantar 'yan mata a Katsina, daga can ta wuce Zariya koyon aikin jinya, ni kaɗai nake kwana nake tashi a gidan nan, sai yayata Hansai da ke leƙowa da tuwo daga gidan ɗanta.

A bazarar 1976, lokacin da kuɗin mai suka kwashe samarinmu zuwa birni, motar asibiti ta sauke Kulu a ƙofar gida da akwatin takardu.

"Ba magani na zo bayarwa ba, Baba," in ji ta. "Tambaya na zo yi."

"Duk karatun nan, tambaya aka koya miki? Ai da kin zauna wajen Gwaggonki, ta fi su iyawa."

Ta yi dariya, sannan ta yi mini bayani. Likitocin da take aiki da su sun lura masu jego suna yawan zuwa musu da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza. Aikinta shi ne ta bi gida gida, ta ji labarin waɗanda ciwon ya kama da waɗanda bai kama ba, masu rai da waɗanda suka rasu, a jera a ga inda suka bambanta. In ta gama, za a tura ta ƙarin karatu a Ingila, shekara biyu.

Mako uku tana fita: Wagini, Yasore, har Tsaskiya, wani lokaci a bayan babur, wani lokaci a kan jaki. Da la'asar ta dawo ta baje takardu a tabarma. Ni dai jin motsin mutum a tsakar gida ya ishe ni.

Ran nan na ce ta karanta mini abin da take tambayar mutane, don da Turanci yake.

"Kwana nawa aka yi ana wankan jego? Ana hura wuta ƙarƙashin gado? Kunun kanwa sau nawa a rana? Kanwa nawa ake sawa?"

"Kanwa kuma? Me kanwa ta yi?"

"Zato ne tukuna, Baba. In ta yi yawa tana tara ruwa a jiki, kamar gishiri. Ga zafin wanka, ga wutar gado, ga zafin gari. Zuciyar da ta gama ɗawainiyar ciki sai aikin ya fi ƙarfinta." Ta jawo wata takarda da ba a rubuta komai a kai ba. "Wannan ta Inna ce. Ita na bari ta ƙarshe. Kai kaɗai za ka iya gaya mini."



Da Saude ta haihu, babu mijin da ya kai ni hidima a unguwarmu. Itacen da na tara ya fi danga tsawo. Kanwa kuwa, da hannuna na tsinto mafi kyau cikin kayana. Da ƙafafunta suka fara kumbura, tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Ni na ƙara. Da ta kasa kwanciya, sai zaune, tana numfashi kamar wadda ta yi gudu, na sake ƙarawa. Wannan Hansai ta sani, kowa ma ya sani. Akwai abin da ba wanda ya sani sai ni.

"Baba?" Kulu ta ɗaga alƙalami.

"Kaɗan," na ce. "Kamar na kowa."

Tana cikin rubutawa Hansai ta yi sallama da kwanon tuwo a ka. Ta ji ƙarshen maganar.

"Me ne ne kaɗan?"

"Kanwar jegon Inna, Gwaggo."

Hansai ta sauke kwano tana tafa hannu. "Kaɗan? Armaya'u, tsufa ne ko rowar baki? Kai da matan unguwa suka riƙa yi wa mazansu gori da kai? Ke Kulu, kunun uwarki har ja yake yi, ni nake damawa. Ubanki bai gaza ba, kwananta ne ya ƙare. Rubuta haka, su sani a Zariya."

Da alfahari ta faɗa. Kulu ba ta rubuta ba. Ta dube ni kawai, ni kuma na tashi na ɗauki buta, alhali da sauran lokaci kafin magariba.

Kwana biyu ina guje mata. In fita tun da asuba, in zauna a rumfata ko da ba ranar kasuwa ba ce, ni da buhuna da ƙudaje. Ba tsoron mutane nake ji ba. Tunanina ɗaya ne: yarinyar nan za ta haye teku da wannan a ranta. In ta ƙirga ta ƙirga, lissafinta ya nuna mata ubanta ne ya raba ta da uwarta, me zai sake kawo ta Batsari? Ba miji gare ta a nan ba, ba ƙane ba. Ni ne kaɗai dalilin zuwanta. In kuma na bar ta da ƙarya a takarda, na ɓata mata aikin da ta sha rana a kansa, kuma ta riga ta san ƙarya ce.

Ranar Asabar motar asibiti za ta zo ɗaukarta da hantsi. Na sami Kulu tana ɗaure akwati. Na shiga ɗaki na lalubo wani ɗan ƙoƙo a bayan randa, na ajiye a gabanta.

"Uwata, fito da takardar."

Ta fito da ita.

"Da wannan nake aunawa. Da farko rabinsa a tukunya. Da kumburi ya zo, cikinsa. Makon ƙarshe, biyu."

Alƙalaminta yana tafiya, kanta a sunkuye.

"Akwai kuma abin da babu gurbinsa a takardarki. Ranar da ta cika kwana ashirin da takwas ta ce ba za ta ƙara sha ba. Ta ce, 'Malam, kunun nan yana toshe ni.' Gwaggonki ta fita. Ni na tsuguna a bakin ƙofa, na riƙe mata kwaryar, ina roƙonta. Na ce ta daure saboda ke. Ta shanye don kada in ji ba daɗi."

Kulu ta ajiye alƙalami. Ta tashi ta tafi wajen turken akuya ta tsaya, ta ba ni baya. Ta daɗe. Ina ganin kafaɗunta suna motsi, ban iya zuwa ba, ban iya kiranta ba.

Da ta dawo ta zauna, idonta ja, na yi tambayar da ta hana ni sukuni.

"Ni na kashe ta?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ke da kika yi karatu?"

"Karatun ne ya hana ni cewa i ko a'a. Na ga wadda ta sha fiye da haka, tana nan tana daka a Wagini. Na ga wadda ta sha kaɗan ta tafi. A kan mace ɗaya ba a gane komai, sai an tara da yawa. Ko an tara ma, lissafin zai gaya mana abin da za mu ce wa masu haihuwa gobe, ba zai gaya mana na Inna ba." Ta share fuska da gefen gyale. "Da na ce maka ba kai ba ne, ƙarya zan yi, irin wadda ka yi mini shekaranjiya."

Na so ta ƙara wata kalma, ko da ta faɗa ce. Ba ta ƙara ba. Ta soke "kaɗan" ta rubuta gaskiya a samansa, ta sa takardar cikin 'yan uwanta.

Mota ta yi ƙaho a waje. Ta ɗauki ƙoƙon ta juya shi a hannu.

"Zan tafi da wannan. Sai na auna shi a sikeli na san nauyin abin da yake ci."

"Ki riƙe shi. Ba ni da sauran amfani da shi."

"Aro ne," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ba a tafiya Ingila sai bayan babbar salla. Zan kawo maka shi da kaina."

Ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ta saba, na sa mata albarka da muryar da ban gane tawa ce ba. Na tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana wajen bishiyar kuka.

Na koma ciki na naɗe tabarmar da take zama a kai, na jingine ta a inda ruwa ba zai taɓa ta ba. Tsakanina da babbar salla wata bakwai ne, da damina guda a tsakiya.