Bangon Ɗakin Rini

Ni ne na kashe maganar masaƙarmu, da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya. Wannan kyakkyawar niyyar ita ce ta fi ƙona mini rai.

Shekara ashirin da shida na yi a masaƙar nan, a sashen gyare-gyare, har na zama heluma, wato shugaban ma'aikatan sashen. Sunan ya bi ni. Yau shekara goma sha ɗaya da rufe wurin, amma ko matata Heluma take ce mini idan na ɓata mata rai. Aikinmu shi ne duk abin da ya tsage, ya yi tsatsa ko ya yi datti. Muna kuma da doka ɗaya da ba a rubuta ta ko'ina ba: da zarar an ce baƙi za su zo, masu duba aiki ne ko manyan kamfani, to a kankare, a wanke, a shafa fenti. Har duwatsun bakin hanya ba mu bari. Abokan aiki suna tsokanata wai in mutum ya daɗe a tsaye wuri ɗaya, Heluma zai shafe shi da fari.

Wuri ɗaya ne ya gagare ni duk tsawon shekarun nan, ɗakin rini. Shugaban ɗakin kawuna ne, wan mahaifiyata, shi ya samo mini aikin ma. Su marina suna da tasu hanyar. Duk lokacin da aka haɗa sabon launi, kafin a tsoma yadi, sai wanda ya haɗa ya dangwalo shi da tsinke ya ja layi kamar tsawon yatsa a bangon da ke kallon taga, ya jira ya bushe, ya ga yadda zai fito a hasken rana. In ya yi, sai ya rubuta kwanan wata da harafin sunansa da fensir a ƙasan layin. Idan wani ɗan kasuwa ya dawo bayan shekara bakwai ya ce irin shuɗin da aka yi masa yake so, ba littafi ake buɗewa ba, bango ake zuwa. Shekara sittin da wani abu ana haka, tun kafin Kawu. Bangon ya cika daga ƙasa har inda tsani ke kaiwa, dubban layuka, ja, kore, shunayya, ruwan toka, wasu a kan wasu. Su a wurinsu abin alfahari ne. Ni kuwa a idona ƙazanta ce, kullum na wuce sai hannuna ya yi ƙaiƙayi.

"Heluma," in ji Kawu, "ranar da ka taɓa mini bangon nan, ranar zan tsoma ka a tukunya in fito da kai shuɗi."

Da dariya yake faɗa, amma ban taɓa gwadawa ba.

To bara wani kamfani ya sayi filin, suka ce za su rushe su gina shaguna da wurin ajiye motoci. Mu tsofaffin ma'aikata muna da 'yar ƙungiya, muka yi ta taro muna ɓaɓatu, ba abin da ya fito. 'Yata Auta ce, wadda ke koyarwa a wani gari, ta gano cewa akwai hukumar da ke yi wa tsofaffin gine-gine rajista, kuma in ta yi, ba mai ikon taɓa su. Ta zo hutu, ta ari makullan da ke hannuna tun lokacin aiki, ta yi kwana biyu tana ɗaukar hotuna, ta zauna da Kawu tana yi masa tambayoyi yana ce mata amarya ta zo kwasar gado tun yana da rai. Ta rubuta takarda shafi goma sha huɗu ta aika, ta bar mini kwafi ɗaya.

"Baba, don Allah ka karanta," ta ce.

Na ce, "Ni za a ba takarda a kan masaƙa? Ke, tun ba a san za a haife ki ba nake kwance injin a wurin nan."

Na ɗora takardar a kan kabad. Ban buɗe ko shafin farko ba.

Da amsa ta zo, an dakatar da rusau, kuma wata jami'a za ta zo ta gani da idonta nan da mako uku. Auta ta kira ni a waya ta ce, "Shara kawai za ku yi, Baba. Kada a taɓa komai a ciki." Na ce to, to, na ji. A raina kuwa na ce yarinya ba ta san yadda ake tarbar baƙi ba. 'Yan ƙungiya suka ɗauki tsakar fili, masu yankan ciyawa suna yi, masu shara suna yi. Kawu yana kwance a gida, ƙafa ta hana shi fita. Ni kuma na zagaya ta ƙofar baya da makullina, ban gaya wa kowa ba, wai ina so in ba su mamaki.

Wallahi ba zan yi wa kaina ƙarya ba: na ji daɗi. Da na sa ƙarfen kankara a bangon nan, fatar farko ta zubo, wani sanyi na ji a ƙirjina, irin na wanda ya samu ya sosa inda hannu ba ya kaiwa. Kuma ni ba na aikin ha'inci. Ban taɓa shafa fenti a kan datti ba, na kori yara da yawa daga aiki a kan haka. Na kankare, na bi da burushin waya, na wanke da soda, inda rinin ya shiga cikin yaɓen na fasa na sake yaɓawa, na bi da sanfefa, sannan na shafa fari sau uku. Kwana tara na yi, ni kaɗai, da bayana mai ciwo. Ranar ƙarshe na tsaya a bakin ƙofa ina kallon aikina, na ce kai, Heluma, har yanzu da sauranka.

Jami'ar ta zo da safe, mace mai ƙaramin jiki da tabarau da takalmin yawo, Auta tana gefenta. Na saka rigata mai kyau. Na nuna mata ƙofar shiga, na nuna mata bututun hayaƙi, na fara ba ta tarihin jiniya. Tana ta gyaɗa kai cikin ladabi, can ta ce, "Baba, a kai ni wurin bangon tukuna. Shi na zo gani."

"Wane bango?"

Ta buɗe jakarta ta miƙo mini takardar Auta. A shafin farko, hoton bangon ɗakin rini ne, ya cika shafin gaba ɗaya.

Ban san yadda na kai ƙofar ba, ban san yadda na buɗe ba. Muka shiga mu uku, sauran suna jira a fili. Warin fenti ya tarbe mu. Auta ta juya dama, ta juya hagu, tana zaton ɗakin muka ɓata. Sai ta ga tagar, ta ga bangon da ke kallonta fari fat, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Baba, me ya faru a nan?"

"Gyarawa na yi," na ce. Muryata ko ni ban gane ta ba.

Jami'ar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta matsa ta shafa bangon da yatsa, ta ce, "Kada hankalinku ya tashi tukuna. In fenti kawai aka shafa a kai, muna da masu ɗaga shi a hankali, abin da ke ƙasa ya fito. Shafawa kawai ka yi, ko?"

Ta kalle ni da fata a fuskarta, Auta ma haka. Da ni malalaci ne, da na yi irin aikin da nake korar yara a kansa, da yau masaƙar tana tsaye.

Na ce, "Ranki ya daɗe, na kankare."

"Duka?"

"Har siminti."

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta tambaya ko da sauran ɓaraguzan. Na ce na kwashe a baro na zuba a kwata, ruwa kuma ya sauka sau biyu tun lokacin. Ta rubuta wani abu a littafinta, ta gode mana, ta zaga sauran wurin don cika aiki. Auta ta wuce ni ta hau mota.

Bayan fitarmu 'yan ƙungiya suka leƙa ɗakin. Wanda muke kira Direba, mutum mai bakin tsiya, shi ya fara ihu: "Aikin kamfani ne! Sun ji za a yi rajista, suka turo yaransu suka goge shaida!" Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa. Ina tsaye a tsakiyarsu, da farin fenti a ƙarƙashin farcena, na tura hannuwana cikin aljihu. Mai gadin kamfani ya ga shigata da bokiti kwana tara, amma wa zai tambaye shi, wa kuma zai yarda da shi?

Bayan wata ɗaya hukunci ya fito. Ginin, in ji su, irinsa suna da yawa, rufin ba na asali ba ne, injinan an sayar tuntuni. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne bangon, bangon kuma babu shi. Ba rajista. Kamfani ya sa ranar Litinin katafila za ta shiga.

A ranar na sauko da takardar daga kan kabad na karanta, shafi goma sha huɗu, ban tsallake layi ba. Goma daga ciki a kan bangon ne. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kira Auta.

"Kin gaya wa kakanki?"

"Ni?" ta ce. "A'a, Baba. Ba ni na kankare ba. Kai za ka gaya masa."

Ranar Asabar Kawu ya aiko a kira ni. Ya ji labarin kamfani kamar kowa, yana so a kai shi ya gani da idonsa kafin a rushe. Na ce Kawu, ƙafarka. Ya ce ƙafata ce ko taka? Na samo mota, na ɗauko shi da keken guragu da muka aro, na ƙudurta a raina cewa a can zan faɗa masa, a gaban bangon, ya yi mini duk abin da zai yi.

Na tura shi har tsakiyar ɗakin. Ya ƙura wa bangon ido. Sannan ya ce in matsar da shi kusa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan fentin, yana bi a hankali kamar mai neman ƙofa a duhu.

"Nan ne nawa na farko," ya ce. "Kore ne, bai yi kyau ba, maigidana ya mare ni. Can sama na wanda ya koya wa maigidana ne, ban ma san shi ba, harafinsa kawai na sani."

"Kawu," na ce.

"Matsa da ni hagu kaɗan. Yauwa. Nan, daidai gwiwarka. Ranar da uwarka ta sauka, ina cikin haɗa wani ja aka zo aka gaya mini namiji ne. Da aka raɗa maka suna na dawo na goge harafina a ƙasan layin, na rubuta sunanka cikakke. Shi kaɗai ne cikakken suna a duk bangon nan. Ban taɓa nuna maka ba?"

"Ba ka taɓa ba, Kawu."

"Na ce sai ka yi hankali tukuna," ya ce, ya ɗan yi dariya. Dariyar ba ta je ko'ina ba ta koma kuka.

Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba, ko ranar da aka binne mahaifiyata. Na durƙusa a gefen keken, maganar tana bakina, na rantse da Allah tana bakina. Sai ya share fuska da hannun riga, ya ɗaga hannuwansa biyu sama.

"Wanda ya yi mini wannan, ban san shi ba, Kai ka san shi. Ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi, duniya da lahira."

Ya juyo ya dube ni, yana jira.

"Ba ka ji ba ne, ɗan nan? Ka ce amin mana."

Na ce amin.