Kindirmon Baba Jalo

Shekarar da gyaɗa ta yi albarka har jakunan Gude suka gaji da hanyar Kabo, a ita aka kai Mijinyawa wani babban asibiti a Ikko saboda ƙari a mararsa. Aka yi ta kwantar da shi ƙarƙashin wata na'ura mai gasa ciwo da hasken da ido ba ya gani. Ƙarin ya mutu, alhamdu lillahi, amma hasken nan bai bar hanjinsa lafiya ba. Likita ya ce hanjin ya kumbura, ya hana shi yaji da mai da nono. Ka ji fa, Bafillace guda a hana shi nono.

Ya dawo gida da zawo marar sallama. In cikin ya murɗa, ko takalmi ba ya tsayawa nema. Shi kuwa mutum ne mai kunyar tsiya, ko matarsa Asta ba ta taɓa ganinsa ya ɗauki buta ba.

Kwana uku da dawowarsa sai ga surukinsa, Baba Jalo, ya taso daga Sabon Birni dubiya, da goran kindirmo a rataye. Maƙwabta suka cika zaure. Mijinyawa ya durƙusa, kai a ƙasa. Tsoho ya miƙa masa goran, ya ce magani ne, dole ya kurɓa. Wa zai ce wa suruki likita ya hana? Ya rufe ido ya yi maƙwarwa biyu.

Sannan aka shiga gaisuwa. Duk ƙasar Gwarzo an san Baba Jalo, in ya fara sai ya tambayi lafiyar shanu ɗaya bayan ɗaya. Yana kan gajiyar jirgin ƙasa cikin Mijinyawa ya yi kuka. Yana kan gyaɗar bana gumi ya karyo masa. Tashi a gaban suruki yana magana, ai gara mutuwa. Ya dinga "Lafiya lau, Baba" yana cije leɓe, yana roƙon Allah a zuci.

A kan saniya ta huɗu abin ya kufce masa.

Baba Jalo ya lura. Ya ɗauki goran kamar zai sha, sai hannunsa ya hau rawa, ya tuntsurar da shi kaf a jikin Mijinyawa, riga da wando.

"Kai, tsufa bai yi ba," in ji shi. "Ashe ma ya lalace a hanya, ku ji wari. Jama'a, mu ba shi wuri ya sake kaya."

Ya tasa su waje duka. Mijinyawa ya zauna cikin nono yana hawaye, don bai taɓa jin ƙaunar wani mutum kamar ta ranar ba.

Shekara da shekaru mutanen Gude suna tsokanar tsohon nan da cewa Bafillace ne bai san ruɓaɓɓen nono ba. Har ya koma ga Allah bai taɓa musawa ba.