Ragar Halldor ta Bakwai

Laifin Halldor, ɗan ƙanwata, naci ne, irin wanda ke toshe kunne. Mutanen garinmu suna yabonsa a kai, wai ba ya sakin abin da ya kama. Ni ban taɓa yaba masa ba.

Shekara arba'in na yi ina kafa ragar kifi a ƙarƙashin ƙanƙarar Tafkin Winnipeg, wanda samansa ke daskarewa lokacin sanyi har mota ta hau. A ƙarshen Maris ɗin nan Halldor yana da raga bakwai a ruwa. Mun ciro shida mun loda a bayan a-kori-kurarsa, saura ɗaya can wajen bakin kogi, inda ruwa ke gudu yana cin ƙanƙara ta ƙasa.

Da hantsi na caka wa ƙanƙarar sandar ƙarfe. Ƙanƙarar ta yi toka-toka, tana rududdugewa kamar sukari.

Na ce, "Bar ragar nan, Halldor."

"Kawu, jiya na auna. Kaurinta ƙafa biyu."

"Kauri ka auna, ba ƙarfi ba. Ta ruɓe."

Ya tuntsire da dariya. "Tsufa ke damunka, tsoho. Je ka sha kofinka. Ban taɓa bar wa tafki raga ba, ba kuwa yau zan fara ba."

"To ajiye motar, ka taka da ƙafa."

"In jawo kifi kilomita biyu? Jaki ka mai da ni?"

Ya shiga motar, ya bar ƙofa a buɗe kamar yadda muke yi a kan ƙanƙara don a iya dirowa da sauri. Bai yi nisa ba na ji ƙarar tsagewar ƙanƙara kamar harbin bindiga. Ya tsaya. Na ɗaga hannu biyu ina kiransa. Ya leƙo, ya dube ni, ya sake taka totur.

Tayoyin gaba suka burma. Ya diro lafiya, ko takalminsa bai jiƙe ba.

"Taho nan! Kwanta ka jawo ciki!"

Ina! Sai ya juya ya kama ragunan da ke bayan motar yana ja. Motar ta nutse, zaren raga ya naɗe masa hannu, ya bi ta cikin ruwa har wuya. Da rub-da-ciki na isa, na jefa masa igiya. Sai da ya yanke zaren da wuƙa sannan na iya fizgo shi.

Tafki ya ci motar, da raga bakwai har da wadda ya je ɗaukowa, da kifin ranar kaf. A asibiti aka cire masa yatsu uku na hannun dama, waɗanda zare da sanyi suka kashe. Da sauran biyun ba a ɗaura ƙulli, ba a jan raga.